Mai share bututun na'urar busar da kaya

Wata uku na'urar busar da kayanmu a nan Shikago sai ta yi zagaye biyu kafin tawul ya bushe, samanta zafi kamar murhu. Maƙwabciyata ta ce, "Maman yara, a duba bututun iskar nan, haka gobara ke tashi."

Mutumin da muka kira ya zo kan lokaci. Ya janye na'urar, ya zura dogon buroshi mai juyawa har bakin bangon waje. Audugar tufafin da ta fito, wallahi ta cika leda, busasshiya ƙayau, tartsatsi ɗaya ya ishe ta. Ya cire tiyon roba, ya sa na ƙarfe.

Bai share ƙurar da ya zubar a ƙasa ba, wannan kam ya ɓata mini rai. Amma yanzu minti 45 kaya sun bushe. Na ce masa ya dawo baɗi.