Wata uku da na'urar gano iskar metan a bakin ramin tarwada

Ramukan kifina uku ne, duka na ƙasa, a bayan gari ta wajen Kura, kuma tarwada nake kiwo. Duk mai irin wannan rami ya san kumfar nan da ke ɓulɓulowa daga ƙasa da rana tsaka, musamman idan kifi ya kusa isa kamu. Da can ina ɗauka numfashin kifi ne, sai ɗan ƙanwata mai karatun kimiyyar muhalli ya ce min, "Kawu, ai ba kifi ba ne, taɓo ne ke gyatsa." Ragowar abinci da kashin kifi su ke kwantawa a ƙasa inda iska ba ta kai wa, wasu ƙananan halittu su ci, su fitar da iskar metan, irin wadda ake samu idan an tara kashin shanu don yin gas. Ya ce a cikin shekara 20 tana riƙe zafi a sararin samaniya kusan sau 80 fiye da iskar kabon, shi ya sa ƙasashe, har da Najeriya, suka yi alkawari a birnin Glasgow na Birtaniya a 2021 cewa za a rage ta da kashi 30 cikin ɗari kafin 2030.

Shi yana neman abin rubutawa a aikinsa na ƙarshe, ni kuma ina son sanin abincin da nake asara a ƙasan ruwa. Sai muka haɗa kuɗi muka yi odar wata 'yar na'ura ta intanet, girman wayar hannu, mai dogon wuya da ke lanƙwasuwa. Mai tallar ya rubuta cewa tana auna metan. Bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi duka ba.

Ta iso lafiya, batirinta na kai mu wuni, kuma ko yaron da ke ba kifi abinci ya iya kunna ta a ranar farko. Muka kife bahon roba a kan ruwa, muka ɗaura masa gorunan ruwa a gefe don ya yi iyo, muka huda samansa muka zura wuyan na'urar. Haka masu bincike ke yi: a kife, a jira, a ga yadda iskar ke taruwa. Minti ashirin, allo na nuna sifili. Minti arba'in, sifili. Da muka koma takardar da ta zo da ita, ashe daga 50 cikin miliyan take fara ji, alhali metan da ke cikin iskar da muke shaƙa bai wuce 2 cikin miliyan ba. Wanda ke sulalowa a hankali ta saman ruwa ya yi mata ƙanƙanta. Na'urar neman yoyon gas ce, an ƙera ta don ta yi ihu kafin iskar ta kai kashi 5 cikin ɗari, inda take iya kamawa da wuta.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ba ta tantancewa. Na danna mata laita ba tare da na kunna wuta ba, ta ɗauki ƙara, alhali abin da ke cikin laita ba metan ba ne. Da asuba kuma, idan raɓa ta sauka, lambobin sai su riƙa yawo su kaɗai.

Inda ta yi rana shi ne wajen kumfa. Na sa yaron ya soka gora cikin taɓon kusurwar da muke zuba abinci, kumfa ta taso ƙarƙashin bahon, nan take na'urar ta ruɗe da kuka har allon ya cika. Ya ja da baya yana cewa, "Alhaji, ba za ta fashe ba kuwa?" A ɗaya ɓangaren, inda ruwa ke shigowa, da ƙyar ta yi tari. Wannan wasan sanda da taɓo tsoho ne: haka masanin kimiyya Alessandro Volta ya yi a tafkin Majore na Italiya a 1776, ya tara kumfar ya ga tana kamawa da wuta. Mu ma mun zuƙi kaɗan a sirinji, muka matsa nesa da rami muka gwada da ashana, sai ga ɗan harshen wuta shuɗi.

A ƙarshe mazurari ne ya yi mana aikin da muka sayi na'ura dominsa. Muka kife manyan mazurarai huɗu cikin ruwa, kowanne da kwalba mai layin awo cike da ruwa a samansa. Kumfa na shiga, ruwa na sauka, washegari ka karanta. Nan na ga abin da ya sa ba a yarda da awon wuri ɗaya: kwalbar kusurwar abinci ta kusa cika, ta tsakiya ko kwata ba ta yi ba. Ranar da muka rage ruwa don canji kuwa, nauyin da ke danne taɓon ya ragu, duka huɗun suka cika kafin la'asar.

Idan kai mai kiwo ne kana son sanin inda taɓo ya ruɓe a raminka, ka sayi na'urar, ba tsada. Ni ta sa na rage hannu wajen zuba abinci, na kuma kwashe taɓon kusurwar nan bayan kamu na kai gonar masara. Idan kuwa ɗalibi ne kai mai neman lambar da zai kare a gaban malamai, kada ka ɓata kuɗinka. Ɗan ƙanwata yanzu a ƙananan kwalabe masu murfin roba yake ɗura iskar, ya kai ɗakin gwaji a auna masa. Na'urar kuma tana rataye a kicin, uwargida na duba tukunyar gas da ita duk ranar da aka yi sabon ɗuri.