Ajin Lissafi na Dare a Unguwar Sabon Gari, Damagaram

Wata uku ke nan ina halartar wani ajin lissafi da ake yi wa magina da 'yan kasuwa bayan sallar isha'i, kuma na gamsu da kuɗin da nake biya.

Abin da ya fi burge ni shi ne daren da malamin ya fito da mu tsakar gida da igiya da turaku uku, ya sa muka auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗaya gefen, sannan ya nuna mana cewa idan tsakaninsu ya cika mita 5, to kusurwar gini ta miƙe daidai, domin 3 sau 3 (9) da 4 sau 4 (16) sun tashi 25, wato 5 sau 5. Ka'idar Fitagoras ce, wadda na haddace a makarantar boko ban san amfaninta ba. Haka kuma ya koya mana cewa tankin da kowane gefensa mita ɗaya ne yana cin lita 1000, wato jarka 50 mai lita 20, lissafin da duk mai sayen ruwa a garin nan yake bukata.

Aibin ajin kawai shi ne malamin yakan zarce da Faransanci idan bayani ya yi zurfi, har dattawan cikinmu su kasa binsa.