Gargaɗi kan mai tallar matajin lantarki na kashe ƙuma a Maradi

Ina jan hankalin ƴan'uwa masu kiwon kyanwa, kare ko zomo game da wani mutum da ke yaɗa bidiyo a zaurukan WhatsApp na Maradi, yana tallar mataji mai aiki da batir, yana rantsuwa cewa taza ɗaya ta isa ta raba dabba da ƙuma da kaska har abada. Jika 15 yake nema, rabi kafin a ga kaya. Na saya saboda kyanwar gidanmu a unguwar Zariya, wadda susa ta cinye mata gashin wuya, amma kafin kwana 10 ƙuma ta dawo kamar ba a yi komai ba, da na neme shi kuma na tarar ya toshe lambata.

Matajin kansa ba ƙarya ba ne, alkawarin da aka ɗora masa ne yaudara. Ɗan lantarkin da ke tsakanin haƙoransa yana kashe ko sumar da ƙumar da ya taɓa kawai, alhali manyan ƙuma da ke jikin dabba ba su wuce kusan kashi 5 cikin 100 na matsalar ba. Sauran duk ƙwai ne da tsutsotsi da ke ɓoye a tabarma, tsumma da tsagar daɓe, kuma macen ƙuma ɗaya tana iya saka ƙwai har 50 a rana. Da na ɗaga buhun da kyanwar take kwanciya a kai, na ga baƙin gari kamar masoro, na ɗiga masa ruwa ya koma ja: kashin ƙuma ne, wato jinin dabbar da aka tsotse. Kaska kuwa bakinta a kafe yake cikin fata, mataji ba ya fitar da ita.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mutumin bai gaya wa kowa cewa ba a sa shi a jiƙaƙƙen gashi, ko kan miki, ko kusa da ido ba.

Kada ku aika wa kowa kuɗi kafin ku riƙe kaya. Mataji mai ƙananan haƙora da kwanon ruwan sabulu suna yin wannan aikin, sai a haɗa da wanke shimfiɗa da ruwan zafi da yawan shara. Magani kuwa a karɓa wurin likitan dabbobi, kuma kada a shafa wa kyanwa maganin kare mai sinadarin kashe ƙwari na famitirin (permethrin), domin yana iya kashe ta.