Bitar 'yan kwanaki ko kwas ta intanet: wanne ya fi wa likita mai yawan aiki?

Dakta, kin tambaya wace hanya ce ta fi dacewa da likitar da ke aiki a asibitin koyarwa na Shika, wadda ke zagayen marasa lafiya da safe, ta zauna kilinik da rana, wani lokaci kuma ta kwana a bakin aiki: halartar bitar dabarun bincike ta 'yan kwanaki, ko kwas ta intanet duk lokacin da ta samu sarari.

Idan kina cikin horon ƙwarewa, ki fara duba sharuɗɗan kwalejinki, domin kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Legas da takwarorinta na Afirka ta Yamma suna neman shaidar kwas ɗin binciken da suka amince da shi kafin jarrabawar ƙarshe.

Ƙarfin bita yana wurin mutanen da za ki zauna da su. Wadda ta zo da tambayarta a rubuce, misali yawan masu hawan jini cikin mata masu zuwa awon ciki, za ta samu malamin da zai tsayar da ita ya ce ta faɗi inda ta samo mutum 384 da ta rubuta a matsayin adadin waɗanda za ta yi binciken a kansu. Wannan adadi yana fitowa ne idan aka ɗauka rabin jama'a na da matsalar, aka yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100 da tabbacin kashi 95, don haka ya dace da ƙiyasta yaɗuwar cuta, amma bai dace da kwatanta rukuni biyu na marasa lafiya ba, ko da yake ana yawan kwafe shi daga aikin magabata. Irin wannan gyara bidiyo ba ya yin sa. Raunin bita shi ne cunkoso, domin akan gama darasin ƙididdiga cikin yini guda, ga kuma wahalar samun wanda zai riƙe miki duti.

Kwas ta intanet ta fi bita wajen koyon ƙididdiga, tunda za ki iya maimaita darasi har ya zauna, ki gwada shi da manhajar R wadda kyauta ce, ko SPSS idan kina da ita. Horon ɗa'ar bincike na shafin intanet na TRREE ma kyauta ne, kuma yana ba da takardar shaida. Sai dai babu mai tambayar ki ina kika kwana, kuma bayan dutin dare barci ne ke yin nasara. Misalan darussan galibi daga ƙasashen da bayanan marasa lafiya ke cikin kwamfuta suke, ba sa koya miki yadda za ki yi da fayil na takarda wanda ba a rubuta nauyin mai ciki a ciki ba.

Digirin lafiyar al'umma na NFELTP, shirin horar da masu bin diddigin yaɗuwar cututtuka a Najeriya, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ke cikinsa tun 2008, shekara biyu yake ci, saboda haka wannan wani zancen ne daban.

A ganina ki fara da bita, amma kada ki je sai da tambayarki a shafi guda, sannan ki bar ƙididdiga ga intanet har sai kin samu amincewar kwamitin ɗa'a kuma alƙalumanki sun fara taruwa. Kafin ki tsara fom ɗin tattara bayanai, ki buɗe ƙa'idojin STROBE na 2007, wato jagorar rubuta rahoton binciken da aka yi ta hanyar lura da mutane ba tare da gwajin magani a kansu ba, ki bi abubuwa 22 da ke cikinsu, domin mujallu da dama da su suke auna irin wannan bincike.