Watanda ko Teburin Mahauci?

Mu bakwai ne a unguwarmu muke haɗa kuɗi, mu tafi kara ta Wudil ranar Juma'a ko mu bi makiyayi har ruga, mu sayo sa guda mu yi watanda. Ka ga dabbar da idonka tana tsaye, ka duba haƙora, ka shafa tozo. Duk sa da ya tashi a kan ciyawar daji namansa ja ne wur, kitsen kaɗan ne. Yana daɗewa a wuta, amma romonsa ba a magana. Kowa ya samu kasonsa na tsoka, ƙashi da kayan ciki, har ganda.

Sai dai watanda tana son kuɗi a dunƙule, tana son firiza. Na taɓa asarar rabin kasona da aka ɗauke wuta kwana uku, har yau abin yana yi mini ciwo.

Wurin mahauci kuwa, ko rabin kilo ka saya, a dafa yau a cinye yau, ba ruwanka da la'ada ko kuɗin mota. Amma ba ka san irin dabbar da aka yanka ba.

Ni dai da kaka, lokacin da shanu suka ƙoshi, watanda nake shiga.