Wata uku ina koyon futur proche a manhajar Faransanci, ga abinda na gani

Jama'a yau wata uku kenan cif ina amfani da wata manhaja ta waya da aikinta kawai koyar da sarrafa aikatau na Faransanci, wato conjugaison, kuma tunda mutane da yawa suna tambayata ko tana da amfani nace bari in zauna in rubuta gaskiyar abinda na gani. Sunanta bazan saka ba kar ace talla aka biyani, kuma akwai inda zan kushe ta. Irin manhajojin nan ne da zaka zaɓi lokaci guda ɗaya ka yi ta atisaye a kansa, ta baka jimla da gurbi ka cike, wani lokaci ta karanta maka ka maimaita da baki. Ni jarabawar DELF A2 nake shiri, wato jarabawar shaidar iya Faransanci a mataki na biyu na masu farawa, wanda ke bin A1, kuma ɓangaren da nafi daɗewa a kai shine futur proche, lokaci mai zuwa na kusa, don haka a kansa zan fi magana.

Abinda ya fara burgeni shine bata cika ni da bayani ba. Darasin farko shafi ɗaya ne tak, ta ce ka ɗauki aikatau aller, wato tafiya, ka sarrafa shi a lokacin yanzu, sai ka ɗora aikatau na biyu a bayansa yadda yake a ƙamus ba tare da ka taɓa shi ba. Je vais, tu vas, il va, nous allons, vous allez, ils vont. Guda shida kenan. Kana riƙe su ka gama, duk aikatau na Faransanci zaka iya kaishi gaba da su, je vais parler, tu vas finir, elle va prendre, ko na rukunin farko ne masu ƙarewa da er, ko na biyu irin su finir, ko na uku masu taurin kai. Wallahi ranar da na gane haka sai naji wani nauyi ya sauka daga kaina, domin kafin nan na sha wahala da futur simple, wato ɗaya tsarin lokaci mai zuwan, inda être yake komawa je serai, avoir ya koma j'aurai, faire ya koma je ferai, voir ya koma je verrai, kowanne da nasa tushen da sai ka haddace. A futur proche babu wannan, je vais être, je vais avoir, je vais faire, je vais voir, shikenan.

Amma abinda ya zaunar min da shi a kai ba manhajar ce ta faɗa min ba, ni na lura da kaina wani dare ina atisaye. Ashe mu ma haka muke yi. Idan Bahaushe yace za ni gida, za ka ina, wannan za ɗin tafiya yake nufi, kuma shine dai za ɗin da muke sawa a zan karanta, za ka zo, za su tafi. Wato kalmar tafiya ce ta zama alamar lokaci mai zuwa a wurinmu, kamar yadda aller ta zama a wurinsu. Tun daga ranar duk inda naga je vais sai kwakwalwata ta karanta zan, nous allons za mu, ils vont za su, kuma ban ƙara rikicewa ba. Har je vais aller da yake bani mamaki da farko, aller sau biyu a jimla ɗaya, sai naga ai zan tafi ne kawai, babu wani abin mamaki. Da masu manhajar sun san da masu Hausa da wannan layi ɗayan sun rage mana sati guda, amma bazan ɗora musu laifi a nan ba tunda bayaninta duk da Turanci ne da Faransanci.

Atisayen kansa yana da kyau sosai. Duk jimlar da ka faɗi tana ajiye ta ta dawo maka da ita gobe, ta sake dawowa da ita bayan kwana uku, har sai ka ci ta sau da yawa a jere sannan ta ƙyale ka. Ni vas da va ne suka dinga kama ni saboda a baki sautinsu ɗaya ne, s ɗin ba'a furta shi, sai a rubutu ne zaka san na tu ne ko na il. Ta dinga dawo min da su har hannuna ya saba. Kuma darasin da ka sauke yana aiki ko babu data, wannan ma abin yabo ne, baya cin caji da yawa.

Muryar da ke karantawa ma mai kyau ce, kuma a nan na koyi haɗa sauti, nous allons ba'a cewa nu alon, nuzalon ake cewa, vous allez kuma vuzale, s ɗin ƙarshe yana komawa z ya manne da kalmar gaba. Akwai maɓallin rage sauri, na yi amfani da shi sosai a satin farko.

Toh yanzu inda ta gaza, kuma abin ya dameni da gaske saboda a nan ne mai koyo yafi buƙatar taimako. Korewa. A Hausa muna cewa ba zan ci ba, ba ta farko da ba ta ƙarshe suna rungume jimlar gaba ɗaya har da aikatau. Shi yasa hannuna kullum yake rubuta je ne vais manger pas, domin haka kaina yake tsara ta. A Faransanci kuwa ne da pas aller kaɗai suke kewayewa, aikatau na biyu yana waje, je ne vais pas manger, nous n'allons pas sortir. Manhajar kullum sai dai ta sa min ja ta nuna amsar daidai ta wuce, bata taɓa cewa ga dalili ba. Kusan kwana goma ina faɗuwa a abu ɗaya, ina haddace amsoshi ba tare da na san ƙa'idar ba, sai da na jera jimloli kusan ashirin a takarda na zuba musu ido sannan na gano inda pas take zama. Layi biyu na bayani da sun isa. Wannan ba ƙaramin gibi bane a manhajar da mutum ya biya kuɗinsa.

Haka ma wakilin suna. Mu muna cewa zan gan shi, shi ɗin a ƙarshe. Su kuma je vais le voir, le ɗin yana shiga tsakani, daf da aikatau na biyu, ba gaban vais ba kuma ba ƙarshen jimla ba. Je vais lui parler, zan yi masa magana. Je vais y aller, zan je can. Ga kuma masu komawa kan mai yi, je vais me lever, tu vas te coucher, nous allons nous reposer, inda nous ke zuwa sau biyu kuma daidai ne. Duk waɗannan manhajar tana da su amma ta ɓoye su can ƙarshen darasi cikin jimloli ƙalilan, alhali su ne mutum zai fi faɗa a hira ta yau da kullum. Sai ka haɗa korewa da wakilin suna, je ne vais pas le faire, wannan kam sau biyu ko uku kawai na gani a duk wata ukun.

Sai maganar gane murya. Mu bamu da harafin v a Hausa, bakinmu f yake kaiwa ko b, to ils vont da ils font kalmomi biyu ne daban, ɗaya za su, ɗaya suna yi. Na so ace manhajar ta kama ni idan na kuskure, amma sai ta dinga bani kore ko da na faɗi font a maimakon vont, na gwada da gangan sau da yawa don in tabbatar kuma ta wuce da ni. Wani lokacin kuma na faɗa daidai ta ƙi karɓa saboda ɗan hayaniya a kusa. Don haka kar ka dogara da ita wajen furuci, ka ɗora haƙoran sama akan leɓen ƙasa ka bar maƙogwaro ya yi rawa, ka naɗi muryarka ka kwatanta da tata, wannan yafi alkalancinta amfani.

Wani abu kuma, bata nuna maka yadda masu harshen suke magana da gaske ba. A hira yawanci suna zubar da ne ɗin korewa, sai kaji je vais pas venir, har je vais ɗin ma su haɗiye shi ya koma kamar jve. Kuma on va sunfi faɗa akan nous allons, on va voir, on va partir. Duk wannan a bidiyoyin hira na tsince shi. Na yarda a jarabawa cikakken tsari ake so ka rubuta, amma ɓangaren sauraro fa, ai ya kamata kunne ya saba.

Bambancin futur proche da futur simple ma taƙaitawa tayi da cewa ɗaya na kusa ne ɗaya na nesa, kuma wannan bai cika ba. Mutum zai iya cewa je vais me marier l'année prochaine, wato zan yi aure baɗi, shekara mai zuwa ce amma ya riga ya ƙudurta, abin yana da alaƙa da yanzu. Ko ka kalli sama kaga hadari ya haɗu kace il va pleuvoir saboda alamar tana gabanka. Ƙuduri da alama su ne ruhin abin, ba yawan kwanaki kawai ba.

Duk da haka zan ci gaba da ita, na riga na sabunta na wata mai zuwa. Ga wanda yake matakin A1 ko farkon A2 yana son siffofi shidan nan su zauna masa a ka ba tare da tunani ba, minti goma sha biyar kullum zasu yi masa aiki cikin sati biyu, ni shaida ne. Amma ya tanadi littafin nahawu ko malami a gefe saboda korewa da wakilin suna, don a nan zata barshi shi kaɗai. Cikin biyar na bata uku da rabi. Yanzu na shiga darasin venir de, je viens de finir, wato yanzun nan na gama, kuma tsarinsa iri ɗaya ne da na aller sai dai shi baya yake kallo.