Ta Baƙara ko ta Yusuf: Ina Wanda Ya Taso a Coci Zai Fara Karanta Alƙur'ani?

Wanda ya taso a coci a Zuru ya saba da Littafin Farawa, labari bi da bi. In ya ɗauko Alƙur'ani daga farko, bayan Fatiha sai Baƙara: aya 286, ga hukuncin azumi, saki da bashi, labarin Musa kuma yana zuwa gutsure-gutsure. Nan ake sarewa, domin ba bisa tarihi aka jera surori 114 ɗin ba.

Suratu Yusuf ta fi sauƙin shiga. Aya 111 ce, labari ɗaya tun daga mafarkin Yusuf har haɗuwarsa da mahaifinsa. Sai Maryam, sura ta 19, mai ɗauke da Zakariyya, Yahaya da haihuwar Isa. A nan bambancin aƙida yake fitowa fili, don haka ya riƙe fassarar Hausa, kuma ya samu malami a kusa.